Waken da Kowa Ya Ce wa Madalla

Shekarun baya, da na gama karatun aikin gona a Yamai, na dawo gida Magariya da difulom a jaka da girman kai daidai gwargwado. Ban daɗe ina zaman jira ba wani furoje na inganta irin shuka ya ɗauke ni aiki. Aikin a baki ba shi da wuya. An kawo sabon irin wake kala huɗu, an raba wa manoma a wasu ƙauyuka na yankin Kwaya da Yekuwa da Dungas, sun shuka a gefen gonakinsu da damina. Namu shi ne bayan roro mu bi su gida-gida mu ji wanne suka fi so. Wanda ya yi nasara shi za a yawaita, a baza shi ko'ina a shekara mai zuwa.

Mu biyu aka haɗa: ni da abokiyar aikina, wata Babarbariya daga wajen Difa. Ta ɗan girme ni, ta kuma riga ni shiga aikin anket, wato bin mutane da tambayoyi. Hausarta ta fita sarai, sai in ranta ya ɓaci ne za ka ji harshen ya karkata gabas. Shugabanmu yana biro, wato ofis, a Damagaram, ta waya muke jin muryarsa.

Takardar tambayoyin daga wata ƙasa aka tsaro ta. Waɗanda suka tsara ta sun yi tunani, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun san ba kowa ya yi lekol, wato makarantar boko, ba, sai suka zana fuskoki biyar a jere, daga mai kuka har zuwa mai wangale baki yana dariya. Za ka ambaci wake, manomi ya ɗora yatsa a kan fuskar da ta yi daidai da abin da ke ransa. Da na gani na ce wa abokiyar aikina, "Yaya, wannan ai wasan yara ne. Ki bar ni da maza, mutanena ne, na san su ciki da waje."

Ta dube ni ta ce, "To, ɗan gari. Allah ya taimaka."

Ƙauye na farko muka sauka a zauren maigari. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, dattawa suka zauna. Na zaro takarda na yi bayani har ina jin daɗin muryata. Wani tsoho ya karɓa ya ƙura mata ido, ya nuna fuskar farko ya ce, "Ɗana, shi wannan bawan Allah wa ya rasu masa?"

Aka yi dariya, na sake bayani. Sannan na ce, "Baba maigari, wake lamba ɗaya, farin nan mai manyan ƙwaya, yaya kuka gan shi?"

"Madalla. Allah ya saka da alheri." Ya ɗora yatsa a kan mai dariya.

"Lamba biyu fa?"

"Shi ma madalla."

Na uku madalla, na huɗu madalla. Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, ai dole wani ya fi wani."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mutum ya ɗauko abu tun daga nesa ya kawo maka har ƙofar gida, bai ce ka biya ba. Ka ce masa me? Mun gode, Allah ya ƙara girma."

Haka sauran dattawan suka bi layi, kowa yatsansa a kan mai dariya, har fuskar ta fara yin baƙi saboda taɓawa. Abokiyar aikina ta fito daga cikin gida wajen mata, na tambaye ta da ido, ta ce, "Can ma madalla ce."

Muka yi ƙauye bayan ƙauye, wani a kan kabu-kabu, wani a amalanken shanu inda yashi ya fi ƙarfin babur. Ko'ina labarin ɗaya ne. Da muka faɗa wa shugabanmu a waya ya ce, "To ai an huta. Tunda duka suna so, sai mu ɗauki lamba ɗaya. Shi ya fi nauyi a sikeli lokacin roro, shi ne kuma yake rigan sauran nuna. Ku gama ku turo rapor, rahoton aikin."

Ni dai gaskiya na ji daɗi, aikina na farko ya tafi sumul. Amma abokiyar aikina ba ta saki jiki ba. Ta ce, "Ƙanena, ni ina shiga ɗakunan mata. Jan nan lamba uku, kusan kowane gida ya kusa ƙarewa. Farin kuwa ko dai yana jingine ba a taɓa ba, ko an ce an kai kasuwa. In na tambaya sai a ce ana lallaɓa shi ne."

Na ce wataƙila don ya fi daraja ne ake ajiye shi. Ta ce wataƙila. Amma maganar ta zauna mini. In aka baza irin da ba a so, manomi zai ba shi filin da zai shuka wanda ya sani, damina guda ta tafi ke nan. Kuma kawuna yana cikin waɗanda za a kai wa a wajen Yekuwa. Su masu furoje in sun gama za su naɗe kayansu su tafi, ni kuwa nan zan ci gaba da zuwa suna da biki.

Wata rana muna wani ƙauye a yankin Kwaya, rana ta take, muka fake a gindin wani gawo kusa da rijiya. Mata na ta ja da guga, wasu na jiran layi. Wayar abokiyar aikina ta yi ƙara, mahaifiyarta ce, sai ta juya harshe ta kama Barbarci. Daidai lokacin wata tsohuwar Bafillatana ta zo wucewa da ƙwaryar nono a kai. Ta ci burki, ta karkata kunne, ta sauke ƙwaryar a hankali, ta kama ƙugu tana jira a gama waya.

Ana kashe waya ta ce, "Ikon Allah! Ashe baiwata ce ta shigo gari, ba ta zo ta durƙusa ta gaishe ni ba?"

Ga waɗanda ba su sani ba, Fulani da Barebari abokan wasa ne. Duk inda suka haɗu, ko ba su taɓa ganin juna ba, kowa na da izinin ya tsokani ɗan'uwansa yadda ya ga dama, kuma ba a fushi.

Abokiyar aikina ko gezau. Ta ce, "Wace baiwa? Ke da kika gudo daga gidanmu da ƙwaryar uwata a kai? Kawo nonon nan in ga ruwa nawa kika zuba."

Matan rijiya suka fara dariya. Tsohuwar ta hango buhunan samfur da muka ɗauro a bayan babur, ta ce, "Tsaya, tsaya. Ku ne masu kawo waken nan?"

"Mu ne."

Ta tafa hannu. "Shi ya sa! Ni na ce wannan taurin kai ba na banza ba ne, da hannun Barebari a ciki. Ke, farin wakenku aka ba ni musayar nono. Na ɗora shi tun hantsi. Na zuba kanwa, na ƙara kanwa. Karan da na tara na kwana biyu ya ƙare ƙaf. Aka kira azahar na buɗe tukunya, ga shi nan yana kallona ina kallonsa, kamar yanzu na zuba shi. Wannan ai ba wake ba ne, kan Barebari ne!"

Ni fa a lokacin na ga ana kushe kayan furoje a bainar jama'a, na buɗe baki zan fara bayanin yawan amfanin da yake bayarwa a kadada. Abokiyar aikina ta taka mini ƙafa. Ta miƙe tsaye ta ce, "Ji Bafillatana! Ke me kika sani ban da fura da nono? Ina ke ina dafa wake? Ku matan garin nan, ku da kuka san girki, don Allah ku faɗa mata gaskiya ta ji kunya."

Sai wata mata mai goyo ta ajiye guga, tana rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Wallahi Madam, wannan karon dai Inna ta fi ki gaskiya."

Shi ke nan, kamar an buɗe famfo. Wannan ta ce ɓawonsa ba ya fita, sai ki surfa ki surfa hannu ya gaji. Waccan, mai tuyar ƙosai ce, ta ce ƙullinsa ba ya tashi, ga shan mai kamar an aiko shi. Wata ta ce ƙwari sun fi sonsa fiye da mutane, wata biyu a buhu ya huje. Wani magidanci da ya zo shayar da jakinsa, wanda da safen nan ya ɗora mini yatsa a kan mai dariya, ya ce, "Harawa fa? Kafin a gama roro ganyen ya zube. Na kai wa akuyata, ta shinshina ta juya mini baya."

Duk wanda ya yi magana sai tsohuwar ta juya ta ce, "Kin ji ko, baiwata?" Ita kuma abokiyar aikina tana ta musu da gangan, tana cewa sun haɗa baki da Bafillatana ne, musun kuma yana ƙara fito da wata maganar. Ni na zauna da bik a hannu ina rubutu a bayan takardar fuskoki, don gabanta ba shi da gurbin abin da ake faɗa.

A hanyar komawa na ce mata, "Yaya, me ya faru yanzun nan? Mutanen nan mun tambaye su da ladabi sun ƙi faɗa."

Ta ce, "Ba mu suka faɗa wa ba. Da muka tambaye su, masu karɓar kyauta ne a gaban masu bayarwa. A rijiya kuwa shaidu ne a rigimar Bafillatana da Babarbariya. Ba wanda ya ci fuskar baƙo."

Na ce na yarda, amma wasa akwai ƙari a cikinsa. Wa ya san ko tun hantsin ne da gaske? Ba za mu rubuta wa biro cewa akuya ta juya baya ba. Ta ce nan kam na yi magana. Muka zauna muka sake tsara aikin tun daga tushe.

Muka ajiye fuskoki. Muka ce a kowane ƙauye za a kafa murhu huɗu a fili, tukwane iri ɗaya, ruwa daidai, itace daidai, a zuba wake ba tare da an faɗi lambarsa ba, mata su yi alƙalanci. Mai ƙosai ta soya kowanne daban. Tambayar ma muka canja ta. Muka daina cewa wanne ya fi kyau, don wannan tambayar tana sa mutum ya kushe sauran. Sai mu ce wa mace, "In ana suna a gidanki, wanne za ki dafa wa baƙi?" Mu ce wa namiji, "In damina ta yi gardama, wanne za ka so a ce ka shuka? Wanne za ka kai kasuwa? Wanne za ka bar wa dabbobi?" Amsar kuma ba da baki ba. Muka kafa zana, a bayanta ƙwarya huɗu, kowace da ɗan waken a gabanta, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa ya fito.

Amma kafin a kai ga tsakuwa sai an saki jiki, kuma ba kowane gari ke da Bafillatanar da za ta buɗe taro ba. Nan fa abin ya faɗo kaina. Abokiyar aikina ta ce, "Kai ba ka ce ɗan gari ne ba? Ina taubasanka? Ina kakanninka?"

A wajen Yekuwa na sami ɗan kawuna, taubashina, wanda dama tun muna yara ba ya raga mini. Na roƙe shi ya zo taro. Ko gama roƙon ban yi ba ya amsa, abin da ya daɗe yana nema ke nan. Ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Jama'a, ku dubi mai koya mana noma. Wannan in ka ba shi hauya sai ya tambaye ka ina ake kunna ta." A wani ƙauyen kuma wata tsohuwa da ta san kakata ta riƙe mini riga ta ce, "Mijin nawa, ka tafi birni shekara da shekaru, tsarabar da ka kawo mini ke nan, waken da zai ƙarasa mini haƙori?" An yi dariyar wandona, an yi dariyar Hausata da ke haɗe da Faransanci, an yi dariyar yadda nake hawa amalanke. Na sha tsiya iya sha. Amma da zarar an gama da ni sai a koma kan wake, kuma abin da ake faɗa a kansa ba na wasa ba ne.

A tsakanin nan na je gida. Tun farkon aikin na kawo wa mahaifiyata tiya guda ta farin waken, ta dafa, ta ce madalla. Na same ta tana tsince shinkafa na ce, "Inna, don Allah waken nan da na kawo miki, yaya yake?"

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wanne? Wanda ya cinye mini gawayi?"

Na ce, "To me ya sa kika ce madalla?"

Ta ce, "Aikinka na fari, ka shigo kana ta washe baki. In ce maka me?"

Saura shugabanmu. Da muka yi masa bayani a waya sai ya ce, "Wato na aike ku anket kun koma wasan taubasai da tuyar ƙosai. Wannan zan rubuta wa waɗanda suka ba da kuɗin aikin?" Ya ce lokaci na ƙurewa, in rapor ya makara wataƙila a rufe mana kason shekara mai zuwa, kuma ni da ke sabon ɗauka in san inda ƙafata take. Abokiyar aikina ta karɓi wayar ta ce, "Shef, ka zo ka gani da idonka sau ɗaya. In ka ce shirme ne, mu koma kan fuskoki."

Ya zo. Muka shirya taron a ƙauyen rijiyar nan. Ya sauko daga mota da babbar riga da tabarau, fuska a ɗaure. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, shugaban namu Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, ga tsagar nan a kumatunsa daga baki har kunne, kuma Arawa su ma abokan wasan Fulani ne. Tsohuwar Bafillatanar nan tana zaune kusa da murhu ta ɗago kai ta gan shi. Ta saki guɗa.

"Allah na gode maka! Bayina biyu rana ɗaya! Kai, tuɓe rigar nan ka zo ka hura mini wuta."

Shugaba ya cire tabarau a hankali ya dube ta. Sai muka ga kafaɗarsa na rawa. Ya ce, "Wa ya bar Bafillatana kusa da tukunya? Yanzu za a nemi wake a rasa." Ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya kama fifita wuta, mutanen gari na ta shewa.

Da tukunyar jan wake ta nuna har ya fara farfashewa, aka ɗebo daga kowace tukunya aka miƙa masa. Ya ci na farko ya gyaɗa kai. Ya kai ga farin, ya tauna, ya sake taunawa, ya dube ni, ya dubi abokiyar aikina. Tsohuwar ta ce, "Haɗiye mana, ai naku ne."

Ya ce, "Wannan da sauransa."

"Da sauransa har gobe!"

Sai dai da aka zo ƙirga tsakuwa, abin ya ba mu mamaki mu duka. A tambayar girki da ta harawa, jan wake ya kwashe kusan komai. Amma a tambayar kasuwa da ta damina mai gardama, maza da yawa farin suka jefa wa. Da muka bi ba'asi, yanzu da baki ya buɗe, suka ce yana nuna tun gero bai isa yanka ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma ƴan kasuwar da ke zuwa daga tsallaken iyaka suna son fari mai manyan ƙwaya. A sayar da shi da wuri kafin ƙwari su shiga, a sayi hatsi. Maigarin wurin ya ce, "Ku ba mu shi kaɗan, na gefen gona. Amma in kuka ce shi kaɗai, matanmu za su kore mu daga gida."

Shugaba ya koma Damagaram ya yi ta fama da na sama da shi, har suka yarda a yawaita iri biyu maimakon ɗaya. A cikin rapor ya ware shafi guda ya bayyana yadda muka yi, ya raɗa wa abin wani dogon suna na Faransanci da ni kaina sai da na karanta sau biyu. Ita kuwa tsohuwar da aka tambaye ta me take so a yi mata, ta ce ba ta son komai, baiwarta dai ta ɗaukar mata ƙwarya zuwa ruga. Abokiyar aikina ta ɗora gammo, ta ɗauki ƙwaryar nono a kai, suka kama hanya suna tafe suna zagin kakannin juna, har muka daina jin muryarsu.

Sunan kuwa ya bi farin waken. Kwanakin baya na ga wani yana auna shi a kasuwar Dungas yana kiran "Kan Barebari, Kan Barebari." Na tambaye shi dalilin sunan, ya ce ai daga Borno aka kawo irin tun zamanin kakanni. Na ce Allah sarki, na wuce.

Abin da har yau yake ba ni dariya shi ne, babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da ban sani ba tun ina yaro. Na san ba a kushe kyauta a gaban mai ita. Na san taubashi da kaka suna faɗa maka abin da uwa ma ba za ta faɗa ba. Amma da na riƙe takarda da bik sai na ajiye wannan sanin a gida, kamar ba shi da gurbi a aikin ilimi. Takardar ba muguwa ba ce. An dai tsara ta ne don mutanen da in baƙo ya tambaye su ra'ayinsu za su faɗa masa kai tsaye, mu kuwa ba haka aka rene mu ba. Sikeli da tukunya da tsakuwa duk sun yi aikinsu, amma sai da aka yi dariya tukuna suka samu shiga.

Yanzu ni ke horar da matasan da ake turawa anket a ƙauyuka. Suna zuwa da tambayoyinsu a cikin waya, a shirye tsaf, kamar yadda na zo da nawa a takarda. Nakan bar su su gama nuna mini, sannan in ce musu: in kun shiga gari kuka ga kowa na yi muku godiya, to an karɓe ku a matsayin baƙi, amma ba a fara magana da ku ba tukuna. Ku zauna, ku sha ruwa, ku nemo wanda yake da izinin yi muku tsiya a garin. In kun same shi, ku ba shi wuri a gaba.